Ƙibar da Muka Yi wa Woɗe Saboda Darakta

Ranakun aiki da yawa sun ɓace mini, amma ban taɓa mantawa da Alhamis ɗin da muka ɗauki iyakar abin da ya rage na saniyar wani dattijo a duniya, muka ɗora a tire, muka kai wa Darakta ƙarƙashin rumfa don ya sa albarka ba. Ku da kuka zo aikin nan daga baya kuna ganin ina yawan faɗa a kan girman dunƙule, har na ji wasunku na kirana Mai Awo a bayan idona. Na ji, kuma ban yi fushi ba. Ku zauna ku ji inda faɗan ya samo asali.

Shekara ta biyu ce ta fari. Ruwa ya ɗauke tun gero bai fitar da kai ba, tafkuna sun tsage, in ka bi hanyar Kamarawa zuwa Isa sai ka toshe hanci saboda gawar shanu. Ina ma'aikacin ɗakin gwaji a lokacin, mataki na takwas, shekara bakwai ban motsa daga wurin ba. An kafa mana ƙaramin wurin bincike a bayan wani ofishin dabbobi a yankin Isa: ɗaki biyu, janareto mai ra'ayin kansa, akwatin ɗumi ɗaya, madubin ƙara girma ɗaya. Shugabanmu Dakta Mainasara ne. Ya yi karatu a waje, kuma ya san aikinsa, in na ce bai sani ba na yi masa ƙarya. Ciwonsa ɗaya ne. Da ya ji an ce babban mutum zai zo, sai karatun nan duka ya sauko daga kansa ya koma gwiwoyinsa.

Aikinmu, ga wanda bai sani ba, renon ƙwayoyin tushe ne. Jikin kowace dabba an gina shi da ƙwayoyi 'yan mitsi-mitsi da ido ba ya gani. Yawancinsu sun riga sun kama sana'a, wannan ta ƙashi ce, waccan ta tsoka. Amma akwai waɗansu a cikin ɓargo da kitse da ba su kama sana'ar kowa ba tukuna. Suna iya zama ƙashi, ko guringuntsi, ko kitse, kuma suna haifar irinsu. Su ne ƙwayoyin tushe. Mukan cire su mu sa a ɗan farantin roba mai murfi, mu zuba musu wani jan ruwa mai sukari da gishiri da sauran abinci, wanda muke kira romo, mu ajiye a akwatin ɗumi mai zafin jikin saniya. Romon nan ya fi rahoton ofis gaskiya. In ƙwayoyin sun ci sukarinsa sun fitar da tsami, sai ya juye daga ja zuwa ruwan ɗorawa, ka san lokacin canji ya yi.

Hanyar reno biyu ce. Ta farko a shimfiɗe. Ƙwayoyin su manne a gindin faranti, kowace tana samun romo da iska yadda take so. Suna ci babu ƙaƙƙautawa, suna ninkuwa da sauri, amma kuma suna saurin tsufa. In ka yi ta raba su daga faranti zuwa faranti, wata rana sai ka ga sun baje, sun yi nauyin jiki, sun daina haihuwa. Ta biyun ita ce Dakta ya zo mana da ita. Ka ɗiga romo mai ƙwayoyi a cikin murfin faranti, ɗigo-ɗigo, ka kife murfin, ɗigon ya rataye. Tunda ba su da inda za su manne sai jikin juna, sai su taru a ƙasan ɗigon su zama ɗan dunƙule kamar ƙwayar yashi. A dunƙule halinsu yakan canja gaba ɗaya: su rage haihuwa, su rage ci, romo ya daɗe bai juye ba, ƙuruciyarsu ta yi tsawo. Sharaɗin ɗaya ne, kuma Dakta da bakinsa ya koya mini. Kada dunƙule ya wuce kamar rabin milimita. Ba shi da jijiyoyin jini, iska da abinci daga waje suke ratsawa, in ya yi kauri na tsakiya sai su shaƙe su mutu.

Dattijon da nake magana a kansa Baffa Jabbi ne, makiyayi daga wata ruga kusa da Turba. Mun haɗu da shi ne a zagayen da muke yi muna ɗaukar samfur daga dabbobin da za a yanka kafin su mutu mushe. Muka tarar da shi zaune a gaban wata jar saniya mai dogayen ƙahoni, ta kwanta ta kasa tashi. Sunanta Woɗe. Ya ce ranar sunansa mahaifiyarsa ta ba shi karsana, kamar yadda suke yi, kuma daga karsanar nan ne aka yi ta haihuwa, uwa ta haifi 'ya, har aka zo kan wannan. Ya lissafo mana sunayen iyayenta mata ɗaya bayan ɗaya, abin da ni ba zan iya yi wa kakannina ba. Fari ya cinye sauran garken. Ita ce ta ƙarshe, kuma ba ta bar maraƙi ba.

Dakta ya yi masa bayani, har ya ce wata rana ana iya samun maraƙi daga ƙwayoyin nan. Ba ƙarya ba ce zalla, akwai ƙasashen da ake yin haka. Sai dai mu mutanen da janaretonmu ke buƙatar lallashi kafin ya tashi ne, kuma bai faɗi wannan ɓangaren ba.

Baffa ya dube shi ya ce, "Tana rayuwa ke nan cikin kwalba?"

Dakta ya ce, "Wani abu nata shina rayuwa, Baffa."

"To ku ɗauka. Amma kak ku bar ta da yunwa, ta sha yunwa ta isa."

Bayan an yanka na ɗebi ɓargo da kitse na sa a kwalbar ƙanƙara. Cikin mako biyu ƙwayoyin Woɗe suka cika faranti. Ban taɓa renon masu kyau irinsu ba, sirara, masu ƙyalli, masu kuzari, ka rantse ba daga jikin dabbar da ƙasusuwanta ke ƙirguwa suka fito ba.

A ƙa'idar aiki, abu na farko da ake yi shi ne a daskarar da wani kaso a tulun naitirojin, inda za su yi shekaru suna barci, ko me ya faru da na faranti akwai madogara. Tulunmu ya bushe wata biyu kafin nan. Na rubuta wa hedikwata takarda uku, aka amsa mini ɗaya, aka ce ana duba lamarin. Ina jin har yau ba a gama dubawa ba. Don haka dabarar da ta rage mana ita ce 'yan dunƙulen nan. Muka mayar da yawancin ƙwayoyin Woɗe ƙanana-ƙananan dunƙule don su yi ta lallaɓawa ba tare da sun tsufa ba, muka bar faranti biyu a shimfiɗe saboda ƙari. Tsarin yana tafiya lafiya lau.

Duk ranar kasuwa Baffa Jabbi sai ya biyo, a ƙasa yake zuwa. Ba ya jira a ce masa, zai cire takalmi a ƙofa, ya wanke hannu, ya sa farar rigar da na ba shi a kan tasa, ya duƙa a madubi. Yakan daɗe a duƙe yana yi wa Woɗe magana da Fillanci a hankali. Da farko abin dariya ya ba ni. Daga baya na fara gyara madubin tun da safe in ranar kasuwa ta zo, kuma in bai zo da wuri ba sai in riƙa leƙen hanya.

Ana nan sai takarda ta zo cewa Darakta daga hedikwata zai kawo ziyara ranar Litinin, don ya ga abin da kimiyya ke yi game da fari. Kwana huɗu kafin ranar, jami'in tsara ziyara ya rigo shi. Ya auna inda za a kafa rumfa, ya ƙirga kujeru, ya zaɓi wanda zai buɗe taro da addu'a, sannan ya tuna akwai ɗakin gwaji. Ya tsaya a bakin ƙofa da takalminsa ya ce a nuna masa abin da za a nuna wa mai girma. Na nuna masa madubi.

Ya ce, "Wato Darakta za ya duƙa ga wanga abu? Gaban jama'a? Da hula bisa kai?"

Na ce, "Ranka shi daɗe, ba a ganinsu sai da shi."

"Darakta ba shi duƙawa. Ku samo abin da ido ka gani, wanda mai hoto ka iya ɗauka. Mutum shi taso tun daga Sakkwato ku nuna mishi ruwa cikin murfi?"

Na dubi Dakta ina jiran ya yi masa bayanin rabin milimita. Dakta yana ta gyaɗa kai kamar an faɗi wata babbar hikima. Mu mutane ne da ba a kai wa babban baƙo ƙaramin abu. In rago ne a nemo mai wuya, in tuwo ne a cika akushi. Ashe har ƙwayar halitta ba ta tsira daga wannan karamci namu ba.

Da jami'in ya tafi Dakta ya kira ni ofis. Ya ce a tattara 'yan dunƙulen Woɗe duka, a sa su a injin da ke wulwula su har su haɗe, a yi curi uku manya, kowane kamar ƙwayar dawa. Na Woɗe ya zaɓa saboda na awakin da muke da su sun riga sun tsufa, kuma Woɗe tana da labari, tana da mai ita da za a tsayar a hoto.

Na ce, "Dakta, ko mai fura ta san in dawo yay yi girma, waje ka dahuwa, ciki shi zamna ɗanye. Na tsakiya za su mutu."

Ya ce, "Malam Tukur, ni za ka koya ma? Ni na koya maka wanga. Kwana biyu na kawai. Litinin shi zo shi gani, Talata mu warware su, na waje su ci gaba. Mi ar rikici ciki?"

Gaskiyarsa ce ta wani gefen. Kwana biyu ko uku za a yi asara, amma za a ceto da yawa. Sai na roƙi a bar ko faranti ɗaya na shimfiɗe. Ya lissafa, ya ga in an bar shi curin uku ba za su cika ido ba.

Ya ce, "Haɗa duka. Curi biyu gaban Darakta awa muna rowa?"

A nan ne nawa laifin yake, kuma ba za ni ɓoye muku ba. Ni kaɗai ne a ɗakin lokacin da na yi aikin. Farantin ƙarshe yana hannuna, na ma ɗauki alƙalami. Da na rubuta masa sunan akuya na tura shi can bayan akwatin ɗumi, babu mahaluƙin da zai sani. Amma takardar ƙarin girmana tana kan teburin Dakta tana jiran sa hannunsa, kuma na ce a raina in curin bai cika ba ya gane, shekara bakwai ɗin nan za ta zama goma. Na ajiye alƙalamin na juye farantin a cikin sauran.

Ran Lahadi curi uku suka kammala, farare, zagayayyu, kana ganinsu daga bakin ƙofa. Dakta har da tafi.

Litinin Darakta bai zo ba, an yi rasuwa a gidan wani babba ya tafi ta'aziyya. Aka ce Laraba. Laraba aka kira shi taro. Na je na ce a warware curin, in ya tashi zuwa a sake haɗawa. Dakta ya ce haɗawa na cin kwana biyu, Darakta kuwa yana hanya. Tun daga ranar kullum Darakta yana hanya. Ban san wace hanya ce ba, amma ko da jaki ya taso ya ci a ce ya iso ya koma. Mai rumfa ya kafa ya kwance har sau uku.

Ni kuwa ina kallon romo. Kwanakin farko yana juyewa ruwan ɗorawa kafin azahar, saboda ƙwayar da ta rasa iska takan koma ƙona sukari da gaggawa tana zubar da tsami. Ina canja shi sau biyu a yini, ina ba su abinci kamar mai kiwon ragon layya, alhali na san ba ya isa inda ake bukatarsa. Tsamin da na ciki ke fitarwa da ruɓar waɗanda suka mutu suna ta cin na waje. A kwana na takwas romo ya fara jinkirin juyewa. A na tara na zuba shi da safe, la'asar ta yi yana nan ja wur.

Dakta ya leƙo ya ce, "Ka gani? Sun saba. Sun rage ci, kuma jan ya hi kyau ga hoto."

Na tabbata ya san ma'anar abin da ya gani, ya fi ni sani. Na mayar da farantin cikin akwati. Kowane makiyayi a Turba ya san abin da ake nufi in dabba ta daina taɓa abincin da ke gabanta, ba sai ya je waje karatu ba.

Darakta ya iso ranar Alhamis, kwana goma bayan ranar da aka sa. Bai shiga ɗakin gwaji ba, domin shiga na nufin cire takalmi da sa farar riga a kan babbar riga mai aiki, wannan kuwa bai dace da matsayinsa ba. Sai aka ce in kawo. Na ɗora farantin a tiren shayi, aka rufe da kyalle mai ado, na ratsa rana na kai ƙarƙashin rumfa. Mai hoto ya ce murfin na ƙyalli, a cire. Aka cire. Abin da muke wanke hannu sau uku kafin mu taɓa, aka riƙa miƙa shi daga babba zuwa babba a layin gaba, kowa na sunkuya masa numfashin goro. Wani ya tambaya ko shukawa ake yi.

Darakta ya ɗaga farantin ya ce, "Masha Allah, sun yi ƙiba! Cikin wanga fari a samu abin da ka ƙiba haka, lalle an yi aiki." Aka yi tafi. Ya yi jawabi ya ce an kusa kawo ƙarshen mutuwar dabbobi a ƙasar Gobir.

An ɗauko Baffa Jabbi da mota, karo na farko ke nan, aka tsayar da shi gefen Darakta saboda hoto. Da aka miƙa masa farantin ya dube shi da kyau, ya juyo wurina ya yi ƙasa da murya.

"Likita, wagga ba ƙiba ta ba. Kumburi na."

Na kawar da kai na yi kamar ana kirana.

Da motoci suka tashi na koma ɗaki na yanka curi ɗaya a ƙarƙashin madubi. Bayansa fari sumul, cikinsa ya narke ya yi launin toka. Na zuba maganin da ke raba ƙwayoyi, na tace, na shimfiɗa ɗan abin da na samu daga ɓawon waje a faranti huɗu da sabon romo. Ƙwaya mai rai takan manne a gindin faranti cikin yini ɗaya ta miƙe jiki. Na jira kwana biyar. Babu wadda ta manne. A biyu daga cikin farantin abin da ya tsiro kawai shi ne fumfunar da manyan baƙi suka bar mana tsaraba. Na nuna wa Dakta, ya ce a rubuta a littafi cewa samfurin ya kai ƙarshen wa'adinsa. Ya kuma ce ni za ni yi wa dattijon bayani tunda mun fi sabawa. Ranar kasuwa yana da uzuri a Sabon Birni.

Baffa ya zo da hantsi. Ya fara cire takalmi na ce ya bari. Muna da ƙwayoyin akuya a akwati, kuma wallahi ya zo mini a rai in ɗora masa su, ba zai taɓa bambancewa ba. Na kasa. Muka zauna a benci a waje na faɗa masa komai, har da farantin da ya kasance a hannuna.

Ya saurara bai katse ni ba. Da na gama ya ce, "Yunwa tak kashe ta?"

Na ce, "Abinci na kewaye da ita, Baffa. Bai kai cikinta ba."

"Janareto bai mutu ba?"

"Bai mutu ba."

"Ruwa bai ƙare ba?"

"Bai ƙare ba."

Ya jinjina kai. Ya ce, "Garke guda fari yac ci mini, ban tambayi kowa dalili ba, don na ga rana, na ga ƙasa, na san Mai yi. Wagga ɗai ta tam mutu cikin inuwa, ga ruwa, ga abinci, ga masu ilimi tsaye bisa kanta."

Bai zage ni ba, kuma da ya zage ni da na fi jin sauƙi. Ya yi mini sallama yadda ya kamata, har ya ce in gaida iyali. Bai ƙara biyowa ba. Daga baya na ji ya bi wani ɗan'uwansa sun tsallaka Nijar yana yi masa kiwo. Kunyar wannan zama a benci ba ta sake ni ba har yau.

Rahoton ziyara ya ce an samu gagarumar nasara. Dakta ya sa hannu a takardata cikin makon, na hau mataki na tara, abokai suka zo taya ni murna na raba musu goro.

Abin da na koya a kan ƙwayoyi kaɗan ne, kuma yana cikin littattafanku: dunƙule na sa su natsu su yi tsawon rai, amma in ya wuce awonsa romon duniya ba zai ceci na tsakiya ba, kuma in romo ya daina juyewa kada ku yi murna sai kun duba. Abin da ba ya cikin littafi shi ne, a wannan aiki namu ba jahilci ne ya fi kashe samfur ba. Duk wanda ya sa hannu a mutuwar Woɗe a cikin ɗakin nan ya san ƙa'ida, mu biyu ne, kuma kowannenmu yana da wanda yake tsoro a sama da shi. Za a sake kawo muku babban baƙo, za a sake cewa ku yi abin da zai cika ido, wannan ba ya ƙarewa. Ku ce to ranka ya daɗe, ku yi masa curinsa. Amma kafin ku juye farantin ƙarshe, ku tuna akwai mai shi, kuma wata rana zai zo a ƙasa ya tambaye ku, ba Darakta zai tambaya ba. Ku ɓoye ɗaya. Ni na ce to, ban ɓoye ba.